Inda Taki Ke Zuwa

Ubana Nomau, can Yawuri,
buhu ɗaya na yuriya yake ɗauka bashi,
ya barbaɗa wa shinkafa da tafin hannu
kamar mai auna wa jinjiri magani.
Ruwa ya kwana yana zuba, ya wanke rabi.
Da safe ya tsaya bakin fadama, hula a hannu:
"Ko ina takina ya nufa?"

Baba, na zo inda taki ke zuwa.
Ba naka ba, koginmu wata hanya ya bi,
amma na wani uba ne irinka,
haɗe da kashin kaji da ruwan kwatamin Legas.
Nan Ajido, kusa da Badagiri,
ruwan bai kai teku ba, ya wuce kogi,
gishirinsa kamar na miyar marowaciya.

Setonji ne mai gonar.
Gona ce babu kunya, babu fartanya,
sai turakun gora da kwandunan raga
suna lilo cikin ruwa, cike da kawa.
Aikina in ɗago, in kankare, in mayar.
Yatsuna duk tsaga ne.

Kawa ba ido, ba ƙafa.
Takan buɗe baki kaɗan, kamar ƙofar mai ɓuyar bashi,
ta wuni tana tace ruwa
yadda Inna ke tace gasara.
Abin da ta rage yakan sauka ƙasa, shiru.

Ran Alhamis Dakta Morenike kan zo
da bututun gilashi da takalmin roba har cinya.
Ta kafa shi a laka, ta zaro.
Sama ja-ja, siriri kamar ɓawon gyaɗa,
ƙasa baƙi wuluk.
Hausarta ta bautar ƙasa ce, daga Gusau,
tana tuntuɓe amma tana isa.
Ta ce, "Naitirojin. Shi ne ƙarfin takinku.
In ya yi yawa a ruwa, gansakuka ta yi ƙiba, kifi ya shaƙe.
Kawa ta ci gansakuka, ta sauke wa laka.
Cikin lakar akwai ma'aikata, ido ba ya ganinsu.
Na sama suna shan iska, na ƙasa ba ruwansu da ita.
Wannan ya juya, ya miƙa wa wancan."

Na ce, kamar leburori masu jifan bulo.
Ta yi dariya har bututun ya karkace.
"Haka. Sai dai na ƙarshe sama yake jefawa,
ya zama iska, ya tafi abinsa."

Bara kasuwa ta yi kyau,
otel-otel na Lekki suna ta waya.
Setonji ya ninka kwanduna, ya sake ƙarawa.
Kafin wata huɗu laka ta ɗau warin ruɓaɓɓen ƙwai,
jan nan na sama ya ɓace,
kaguwa ta yi ƙaura.
Dakta ta shinshina, ba ta ko buɗe jaka ba.
"Kun binne leburorin sama.
Yanzu abin da kuka ba laka, shi take amayo muku."

Kwana tara muna tuge turaku,
Setonji yana lissafi da leɓe, ba ya kallon kowa.
Muka kai su inda ruwa ke gudu,
muka bar taku biyar tsakani.
Ashe laka ma tana da cikinta.

Har yau ban iya haɗiye kawa ɗanya ba.
Amma in ruwa ya janye da asuba,
nakan tsaya, laka har ƙauri,
in ga 'yan kumfa suna tasowa gefen ƙafata,
ɗaya, sai can wata.
Dakta ta ce ba duka ne shi ba.
Ni dai nakan duba.

Ta kuma ce saiwar wake tana kamo shi daga iska.
Jiya na kira gida, layin yana yankewa.
Na ce, Baba, bana ka sa wake tsakanin gero.
Ya ce, "Yaro, ni za ka koya wa?
Tun kakanka haka muke yi.
Turo kuɗin taki dai."